Baucar kwalbatin da ba a gina ba: ina iyakar uzurin ma'aikacin ƙaramar hukuma?

Tsohon Ma'aji:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da 'yan uwa suke rubutawa a wannan zaure game da hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Na lura kusan kowa gwamna da ciyaman yake kallo, ba a cika tuna ma'aikacin da alƙalaminsa ne yake fitar da kuɗin ba. Na yi shekara 35 ina aikin ƙaramar hukuma, tun daga akawu har na kai ma'aji, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun kafin in yi ritaya. Ba zan ambaci jiha ko ƙaramar hukuma ba, domin wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa suna raye, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Wata damina cutar amai da gudawa ta ɓarke a ƙauyuka uku na yankinmu. Ranar wata Alhamis bayan la'asar shugaban sashen lafiya ya shigo ofishina ya ce ledojin ƙarin ruwa sun ƙare, an kwantar da mutane a azuzuwan makarantar firamare, kuma an riga an binne mutum huɗu. Asusunmu babu komai sai kuɗin da aka saki don gina kwalbati a hanyar wata kasuwar ƙauye. A ƙa'idar lokacin, duk kuɗin da ya wuce wani adadi ba a kashe shi sai da sahalewar ma'aikatar ƙananan hukumomi, kuma fayil in ya tafi babban birnin jiha ba ya dawowa cikin mako biyu, ko da an bi shi da ƙafa. Ciyaman ya kira ni tare da daraktan ma'aikata da shugaban sashen ayyuka, ya ce a rubuta bauca, wato takardar biyan kuɗi, kamar an gama kwalbatin, a fitar da kuɗin a sayi magani, idan kason wata mai zuwa ya shigo a mayar a yi aikin. Shugaban ayyuka ya sa hannu a takardar kammala aiki, ni kuma na sa a bauca da cak.

An sayi magani, wannan da idona na gani. Sai dai da na zauna na lissafa, abin da aka kashe bai kai kashi biyu cikin uku ba, ragowar kuwa ban san inda ta shiga ba, ban kuma tambaya ba. Kwalbatin har na bar wurin ba a gina shi ba. Tambayata ita ce: ranar nan amana na ci, ko rayuka na ceta?

Maman Walid:
Wa alaikumus salam, Baba. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, kuma wanda bai taɓa tsayawa a kan yaron da jikinsa ya bushe ba ruwan da za a ƙara masa ba zai gane nauyin wannan yammacin ba. Amai da gudawa ba ta jiran fayil. Mutum yana iya kwanta da safe a wanke shi kafin magariba. Kuɗin jama'a ne, kuma a kan jama'a aka kashe shi. Da kun tsaya jiran sahalewa, da yau kuna da takardu masu tsabta da kaburburan da ba za ku manta ba. A ganina laifin yana wuyan wanda ya tsara cewa hukumar da ta fi kowa kusa da talaka ba ta da ikon sayen magani sai ta nemi izini daga nesa.

Barista:
Ina girmama abin da Hajiya ta faɗa, amma akwai abubuwa biyu da aka haɗa su wuri ɗaya, kuma ya kamata a raba. Karkatar da kuɗi daga kwalbati zuwa magani a lokacin annoba abu ne da za a iya kare shi a gaban kowane mai binciken kuɗi. Rubuta cewa an gina abin da ba a gina ba, wannan wani abu ne daban. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a 2000 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga jami'in da aka ba amanar kuɗin gwamnati ya bayar da bayanin ƙarya a kansu da saninsa, kuma ba ta ce sai ya amfana da ko sisi ba.

Ranka ya daɗe, abin da nake so in fahimta shi ne me ya hana a rubuta gaskiya. Ana iya kiran kansiloli taron gaggawa a daren, a rubuta cewa saboda annoba an ɗauki kuɗin kwalbati an sayi magani, a liƙa rasitai, a aika wa ma'aikata wasiƙa da safe ana neman ta amince da abin da lalura ta tilasta. Mafi munin abin da zai biyo baya shi ne takardar tuhuma. Baucar ƙarya kuwa ba ta da amfanin komai ga marasa lafiya. Amfaninta ɗaya ne: ta sa babu wanda zai iya tambayar ina ragowar kuɗin, tunda a takarda babu wani magani da aka saya, balle a nemi rasitinsa.

Tsohon Kansila:
Barista, maganarka daidai ce a littafi, amma da alama ba ka taɓa zama a sakatariya ba. Na yi kansila zango ɗaya, kuma a shekarun nan ba a kira mu zaman majalisa ya kai sau goma ba, yawancinsu ma don mu sa hannu ne a kan abin da aka riga aka gama. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su mulki ƙananan hukumomi, amma jihohi da dama sun shafe shekaru da kantomomi da kwamitocin riƙo. Sashe na 162 kuma ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumominta, wanda ta cikinsa kashi 20.60 cikin ɗari da ake ware wa ƙananan hukumomi daga asusun tarayya yake bi. Kafin kuɗin ya iso, an cire albashin malaman firamare, an cire fansho, an cire kason masarauta, an cire na ayyukan haɗin gwiwa da ba a shawarci kowa ba. Abin da yake zuwa hannun ciyaman sau da yawa bai wuce albashi da ɗan abin tafiyar da ofis ba.

Ciyaman ɗin da ya rubuta wa ma'aikata cewa ya taɓa kuɗi ba izini, ya miƙa wa masu neman kujerarsa wuƙar da za a yanka shi ke nan. Ma'ajin da ya nace sai an rubuta, kafin wata ya mutu hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jefa shi wata ƙaramar hukuma a bakin iyaka, a kawo mai jin magana. Ba ina kare ƙarya ba ne. Ina cewa ne tsarin da kansa yana hukunta mai rubuta gaskiya, yana ƙyale mai rubuta ƙarya matuƙar takardunsa sun cika.

Barista:
Na yarda da duk abin da ka zayyana, Honarabul. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: farashin gaskiya a nan canjin wurin aiki ne da fushin manya. Ba ran majinyaci ba ne. To ashe zaɓin ba tsakanin bauca da rayuka yake ba, tsakanin bauca da kujera yake.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka wa Alhaji da alheri da ya fito da abin da mutane da yawa suke binnewa. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa lalura tana halatta abin da aka hana, amma ba su bar ta ita kaɗai ba, sun ɗaure ta da wata: lalura ana auna ta ne gwargwadonta. Wanda yunwa ta kai shi bakin halaka zai ci mushe iya abin da zai tsayar da ransa, ba zai yi guzuri ya kai kasuwa ba. Idan muka ɗora wannan a kan labarin, kuɗin da aka sayi magani da shi yana cikin lalura, ina kuma fatan an sami lada a kansa. Kashi ɗayan da ya ɓace ba ya ciki. Kwalbatin da aka yi alkawarin mayarwa ba a mayar ba, shi ma ba ya ciki, domin lalura ta wuce tun da annoba ta lafa.

Ina da tambaya ɗaya ga Alhaji, in bai ga na shiga hurumin da ba nawa ba. Bayan wannan rana, shin wani abu ya zo gidanka daga hannun ciyaman ko ɗan kwangilar da aka rubuta sunansa? Ina tambaya ne saboda hadisin Ibnul Lutbiyya da ke cikin Buhari da Muslim, mutumin da aka aika karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini, sai Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa ya zauna mana a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma a Kitabul Farƙ ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun da ya soka.

Tsohon Ma'aji:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓa inda yake ciwo. A ranar ban karɓi ko kwabo ba. Amma da babbar salla ta zo an kawo mini rago da buhun shinkafa daga gidan ciyaman, abin da bai taɓa yi ba a shekara biyun da muka yi tare. Na karɓa, na ce wa kaina ihsanin salla ne.

Abin da ban faɗa ba da farko, saboda kunya, shi ne abin da ya biyo baya. Wata huɗu bayan nan aka kawo mini wata bauca ta gyaran rijiyoyin burtsatse guda shida, kuma na san biyu kawai aka gyara. Wannan karon babu annoba, zaɓen fid da gwani ne yake tafe. Da na ce ba zan sa hannu ba, ciyaman bai ɗaga murya ba. Murmushi kawai ya yi, ya ce, Ma'aji, ai ni da kai mun riga mun zama ɗaya tun maganar kwalbati, in an tona ni an tona ka. Na sa hannu. Na sake sawa sau biyu kafin a yi mini canji. Barista ya yi gaskiya, da a daren farko na ce a rubuta abin da aka yi, da babu igiyar da za a ja ni da ita. Amma ina so ku sani, a daren nan ko kaɗan ban ga igiya ba, yaran da ke kwance a aji nake gani.

Baban Khadija:
Ku yi mini afuwa idan maganata ta yi kaushi. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, kuma ina cikin irin mutanen da suke bin hanyar da ba a yi wa kwalbati ba. Kowa a nan yana tausaya wa ma'aji, har da ni, amma babu wanda ya tuna da direban da motarsa take maƙalewa duk damina, ko manomin da dole ya karyar da masararsa a bakin gona domin babbar mota ba ta iya shiga, ko mai naƙudar da ake ɗauka a amalanke a zagaya. Waɗannan ba su san an ci da sunansu ba. Idan suka je sakatariya suka yi kuka, za a buɗe fayil a ce musu ai an gina, ga takardar kammalawa. Ƙarya a takardar hukuma ba ta mutuwa ranar da aka rubuta ta. Tana nan tana hana a sake sa aikin a kasafi, tunda a lissafi an gama shi. Kuma mu ne ake bi rumfa rumfa ana karɓar kuɗin shiga.

Ɗan Autan Ofis:
Iyayena, ina neman izinin kawo tawa, domin ita ba tarihi ba ce, a kan teburina take yanzu. Ina aiki a sashen albashi. Akwai wani masinja da ya rasu fiye da shekara biyu, kuma har yau sunansa yana cikin jerin masu karɓar albashi. Babu wani babba da yake ci. Matarsa ce take cira da katinsa, tana da marayu biyar, kuma haƙƙoƙinsa na mutuwa ba a biya ko naira ɗaya ba, fayil ɗin yana can hukumar fansho. Wanda na gada ya bar sunan da gangan, kuma kowa a ofis ya sani, har daraktan ma'aikata. Yanzu an sanar da za a yi tantance ma'aikata, kuma ni ne zan sa hannu cewa jerin daidai yake. Idan na cire sunan, na san abin da zai sami gidan nan, domin unguwarmu ɗaya. Idan na bari, na zama mai riƙe da ma'aikacin bogi.

Maman Walid:
Wannan ta fi ta Baba wuya a wurina. Gwamnati ce take riƙe da haƙƙin marayun, abin da matar take karɓa kuwa wataƙila bai ma kai abin da ake bin gwamnatin ba. Ta yaya za a ce wanda aka danne wa haƙƙi shi ne ɓarawo? Ƙanena, ni dai ba zan iya ce maka ka cire ba.

Malamin Islamiyya:
Hajiya, tausayin nan abin yabo ne, amma mu duba da kuɗin wa ake yin sa. Sadaka da dukiyar da ba taka ba ba sadaka ba ce. Akwai kuma wasu matan da mazajensu suka rasu a wannan ƙaramar hukumar, aka cire sunayensu a watan da suka rasu domin ba su da ɗan unguwa a sashen albashi. Idan rahama ta zama sai wanda ya san wani, sunanta ya koma alfarma. Abin da ya wajaba a kan ma'aikatan ofishin nan, tun shekara biyu da suka wuce, shi ne su tashi tsaye a kan fayil ɗin haƙƙin mamacin, su kuma sa hannu a aljihunsu. Barin sunan ya sauƙaƙa musu ne kawai: matar ta yi shiru, su ma sun huta da zirga-zirga.

Tsohon Kansila:
Malam, in ƙara maka da abin da na gani. Ba a taɓa barin irin wannan suna shi kaɗai. Duk jerin albashin da aka bar mamaci ɗaya don tausayi, ka bincika da kyau, za ka tarar da wasu sunayen a gefensa waɗanda ba marayu ne suke cin su ba. Sunan masinjan shi ne garkuwarsu, domin duk wanda ya ce a tsabtace jerin sai a ce masa, kana so ka kashe marayu da yunwa? Yaro, kafin ka yanke shawara, ka ƙirga sauran sunayen da ba ka taɓa ganin fuskar masu su ba.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun da aka zaɓa, aka naɗa wa garuruwa masu riƙo, don haka magajin gari zaɓaɓɓe ma babu shi yanzu. Amma abin da kuke faɗa ban ji baƙonsa ba. Ko zaɓaɓɓe ne a sama ko naɗaɗɗe, ƙaramin ma'aikaci a garinsu yake aiki, cikin danginsa da surukansa, kuma wanda zai hana wa abu da safe shi zai tarar a sahun masallaci da magariba. Ma'aikacin babban birni yana ƙin fayil ne, na ƙaramar hukuma yana ƙin fuska.

Barista:
Ɗan Auta, ga abin da nake gani ta fuskar doka. Abin da ya faru kafin ka karɓi teburin ba kai ka yi ba, amma daga ranar da ka sa hannu a jerin tantancewa ya zama naka. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulki, wato ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya haɗa har da ma'aikatan ƙananan hukumomi, ba ciyaman da kansiloli kaɗai ba. Sannan ka sani, idan masu tantancewa ne suka gano da kansu, matar ce za ta fi kowa shan wuya, domin ita take cira da katin mamaci, kuma ana iya cewa a zare duk abin da ta karɓa daga haƙƙin mijinta, ko ma a wuce nan. Idan ofis ne ya kai maganar da kansa a rubuce, tare da bayanin cewa ba a biya haƙƙin mutuwa ba, akwai damar a daidaita lissafin a biya ta ragowar.

Wannan ma shi ne abin da yake damuna game da murnar da ake yi da hukuncin Kotun Ƙoli. A 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta hana cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu. Ko da an aiwatar da komai yadda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukuncin, kuɗi ya sauka kai tsaye, teburin ma'aji da na mai albashi ne zai ƙara zafi, domin kuɗin da za a nemi su sa wa hannu ya ƙaru, kuma babu sauran cewa ma'aikata ce ta cire.

Tsohon Ma'aji:
Ɗana, ba ni da bakin yi maka wa'azi bayan abin da na faɗa a kaina, amma zan gaya maka abin da zan yi da a ce ni ne a kujerarka. Kada ka cire sunan a ɓoye, kada kuma ka bar shi a ɓoye. Ka fara zuwa gidan, tare da wani dattijo da matar take jin nauyinsa, ka gaya mata abin da ke tafe, don kada ta je banki ta tarar babu komai. Sannan ka rubuta wa daraktan ma'aikata takarda, ka sa ranar rasuwar da lambar fayil ɗin fansho, ka nemi umarninsa a rubuce, ka kuma ajiye kwafi a gidanka, ba a ofis ba. Idan ya ce maka da baki ka bari kawai, ka ce ranka ya daɗe a taimaka a rubuta a gefen takardar. A shekaruna 35 ban ga shugaban da ya yarda ya rubuta irin wannan umarni ba. Ka nemi shugaban ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, na reshenku ya bi fayil ɗin haƙƙin, domin aikinsu ne, kuma sun san ƙofofin hukumar fansho fiye da kai.

Baban Khadija kuma, na ji maganarka, ba ni da amsar da zan ba ka. Shekaranjiya na tambayi wani da ya fito daga yankin, ya ce har yanzu a wurin nan ake sauke kaya a ɗauka a ka idan ruwa ya sauka.

Ɗan Autan Ofis:
Na gode, Baba, na gode iyayena duka. Honarabul, na bi shawararka na ƙirga daren jiya. Bayan masinjan akwai sunaye bakwai da ban taɓa ganin masu su ba, kuma uku daga ciki asusun banki ɗaya albashinsu yake shiga. Zan je gidan matar ranar Asabar tare da limamin unguwarmu. Abin da ban yanke ba tukuna shi ne ko takardar da zan kai wa darakta ranar Litinin za ta ɗauki suna ɗaya ne ko takwas, domin ɗaya daga cikin bakwai ɗin sunan mahaifinsa ɗaya da na daraktan.